Gulukos ko sukarin jini, wanne za mu riƙa rubutawa?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku taya ni warware wata 'yar matsala. Kun san nakan ɗan yi rubuce-rubucen wayar da kai kan lafiya. Shekaranjiya na rubuta gajeren bayani kan ciwon suga, a ciki na ce idan gulukos ya daɗe yana yawa a jini yakan lalata ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda. Ba a yi awa guda ba wata baiwar Allah ta aiko mini saƙo: "Malama, ni fa rabona da shan gulukos tun ina 'yar makaranta lokacin gasar guje-guje, to ta ina ya shiga jinina?" Sai na koma na goge kalmar na sa sukari. Can kuma wani ya ce shi shekararsa uku bai zuba sukari a shayi ba, don haka ba da shi ake ba. Gaba kura baya siyaki ke nan. Wace kalma zan riƙe?

Auwal: Wa alaikumus salam Malama. Ni dai a ganina ki rubuta shi da Turancinsa kawai, glucose. Wanda bai gane ba ai da waya a hannunsa, ya bincika.

Baba Tanko: Auwalu, wanda ake yin rubutun dominsa ai shi ne wanda ba zai bincika ɗin ba. Mu tun tasowarmu ciwon sukari muka ji ana cewa, kuma kowa ya san inda aka dosa. Me ya kawo wata kalma da sai harshe ya harɗe kafin a faɗe ta? Malama, ki tsaya kan Hausarki.

Malam Ilyasu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma shi sukarin ma ba a tsakar gidanmu aka yanke masa cibi ba. Daga Larabawa muka aro shi, su suka karɓo daga Farisa, asalinsa kuma can Indiya. Suga kuwa na Bature ne. Asibiti da likita da allura duk baƙi ne da suka zauna har suka zama 'yan gida. Abin dubawa shi ne wace kalma ce ba za ta ɓatar da mai karatu ba.

Baba Tanko: Na ji, Malam. Amma baƙon da ya yi jikoki a gida ba ɗaya yake da wanda ya sauka jiya da yamma ba.

Aminu: Ni a ɗakin gwajin jini nake aiki, bari in faɗi abin da na'ura take aunawa, wataƙila a samu bakin zaren. Sukari sunan dangi ne, gulukos kuma ɗa ne guda a cikin dangin. Wanda ake zubawa a shayi, na rake, sunansa sukuros, kuma shi abu biyu ne a manne: gulukos ɗaya, furuktos ɗaya. Wanda ke cikin madara laktos ne, shi ma gulukos ne haɗe da galaktos. Inda abin yake rikita mutane shi ne sitaci, wanda ke cikin hatsi da burodi da dankali. Shi gulukos ne zalla, amma an jera shi kamar carbi, ɗaruruwa har dubbai a zare ɗaya, shi ya sa harshe ba ya jin zaƙinsa. Da ya isa hanji sai a tsinke zaren, ƙwaya-ƙwaya su riƙa shiga jini. Duk mai shakka ya samu ɗan burodin da ba a sa wa sukari ba, ya yi ta taunawa kada ya haɗiye. Zai ji ya fara zaƙi-zaƙi. Yawun bakinsa ne ya fara aikin tsinkewar tun kafin a kai ciki.

To ita na'urar da kuke soka yatsa ku ɗiga mata jini, ba ruwanta da sauran dangin. Gulukos take ƙirgawa. Saboda haka idan an ce sukarin jini, a wajenmu abu ɗaya ake nufi, ba biyu ba.

Maman Walida: Malam Aminu ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni mai ciwon ce, shekara shida ke nan. Ranar da aka faɗa mini, ina dawowa gida na ɗauki gwangwanin sukari na miƙa wa maƙwabciyata, na ce na sallama. Na bar lemon kwalba, na bar alewa, har na fara yi wa mutane wa'azi. Amma faranti na shinkafa bai ragu da ko cokali ba, burodi kuwa sai ma na ƙara, tunda a tunanina ba shi da laifi. Bayan wata biyu na auna da safe ban ci komai ba, na ga 214. Na ce na'urar nan ƙarya take. Na sake sokawa a wani yatsan, 209. Na zauna bakin gado da audugar a yatsa ina kallon abin, har hawaye sai da na yi, ina cewa wane sukari kuma, ni da ko ƙwaya ɗaya ban lasa ba? Da a ranar farko wani ya yi mini bayanin carbin nan, da ban yi asarar wata biyu ba.

Malama Hadiza: Allah sarki Maman Walida, Allah ya ƙara sauƙi. Ke nan ke kina bayan gulukos?

Maman Walida: Amin. Ina bayan a gaya wa mutum cewa na cikin jini daban da na cikin gwangwani. Ko da wane suna ne.

Sista Rabi: Ku tsaya tukuna kafin a naɗa wa gulukos rawani, shi ma yana da nasa ɓarin. Mutane da yawa idan ka ce gulukos, farin garin nan na gwangwani suke gani, wanda ake dama wa marar lafiya don ya ji ƙarfi. A wajensu magani ne. Na taɓa shiga ɗaki duba wani dattijo da muka kwana muna fama mu saukar masa da suga, na tarar da 'yarsa tana juya kofi da cokali. Na ce mene ne wannan? Ta ce gulukos ne Sista, na ga jikinsa ba ƙwari. Na ce kin san wannan ɗin shi ne abin da ya kwantar da shi? Ta dube ni da mamaki ta ce a'a, ai likita cewa ya yi sukari ne ya yi masa yawa, shi ya sa ba ta saka sukari a ciki ba. Wallahi da zuciya ɗaya ta yi. Kuma gara ma a ce sukarin shayi ta ba shi, don shi rabinsa ne gulukos. Wannan kuwa ko narkarwa ba ya jira, kai tsaye yake wucewa jini.

Auwal: Kai! Ashe an gudu ba a tsira ba.

Dakta Bashir: Labaran nan biyu abu guda suka nuna: kowace kalma a cikin biyun tana ja wa mai karatu hoton wani gwangwani a kan kantar shago, alhali ana maganar abin da ke yawo a jijiyarsa. Bari in faɗi yadda nake yi a ɗakin duba marasa lafiya, ko zai yi wa Malama amfani.

Ba na cewa sukari tsura. Kullum sukarin jini nake cewa, kalmomin biyu a haɗe. Sannan a zaman farko nakan faɗa sau ɗaya cewa sunansa na asibiti gulukos, shi za ka gani a takardar gwaji, kuma jiki yana samunsa daga duk abinci mai sitaci, ba daga kayan zaƙi kawai ba. Daga nan sai in ci gaba da sukarin jini har mu rabu.

Akwai kuma abin da ba a faɗa ba tukuna. Ba daga baki kaɗai yake shigowa ba. Hanta rumbu ce, tana tara gulukos a dunƙule, idan mutum ya daɗe bai ci ba ko yana barci sai ta riƙa saki kaɗan-kaɗan, idan ajiyar ta yi ƙasa ma ta ƙera sabo. Wani masani ɗan Faransa, Claude Bernard, shi ya gano wannan ajiya ta hanta a 1857. Shi ya sa mai ciwon zai kwana bai ci komai ba, ya tashi ya ga lamba a sama. Kuma jiki ba don mugunta yake haka ba. Ƙwaƙwalwar babban mutum tana cinye kusan giram 120 na gulukos a rana, idan ya yanke mata na ɗan lokaci mutum sai ya suma. Abin mamakin, duk wanda ke yawo a jinin mai lafiya a lokaci guda bai fi giram 4 zuwa 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya a cikin jini lita 5. Idan ka rubuta sukari tsura, mai karatu zai ɗauka dafi ne da ya kamata a kore shi gaba ɗaya daga jiki.

Sista Rabi: Wannan ma mun gani, Dakta. Mai shan magani ko mai allurar insulin, wato sinadarin da ke saukar da sukarin jini, sugansa ya faɗi, yana karkarwa, gumi na keto masa, idonsa na ganin dishi-dishi, a miƙa masa abu mai zaƙi ya ce a'a an hana shi. Alhali a wannan lokacin shi ne maganinsa. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 mg/dL (ma'aunin yawan sukari a jini ke nan), abin da muke koyarwa shi ne a sha kimanin giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, a jira minti 15 a sake aunawa, in bai tashi ba a maimaita. Amma wanda ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake yi da shi.

Dakta Bashir: A nan ne ma ake samun wurin da dole marubuci ya ce gulukos, sukari ba zai wadatar ba. Akwai wani maganin ciwon suga, acarbose, aikinsa rage saurin tsinke carbin da Aminu ya faɗa a cikin hanji. Mai shan sa tare da insulin ko wani maganin, idan sugansa ya faɗi, sukarin shayi ba zai ɗaga shi da wuri ba, don maganin ya tare hanyar raba shi biyu. Gulukos zalla ake ba shi. Haka gwajin da ake yi wa masu juna biyu da wasunsu, inda ake ba mutum ruwa mai giram 75 ya sha a auna shi bayan awa biyu: gulukos ne a ciki, ba a musanya shi da na shayi. Ruwan da ake ƙara wa marar lafiya a jijiya ma, wanda za ku ga an rubuta dextrose a jikin ledarsa, shi ne dai gulukos ɗin da wani suna.

Baba Tanko: To Dakta, ka ga yanzu na fara saukowa. Amma ina da tambaya. Su Turawan da suka kawo kalmar, talakawansu ma gulukos suke cewa?

Malam Ilyasu: Ko kusa, Baba. Su ma a bakin kowa sukarin jini ne da harshensu, sai a takardar asibiti ake ganin ɗayar. Jamusawa ma a maganar yau da kullum sukarin inabi suke kiran gulukos, Larabawa su ma suna da wannan sunan. Dalili kuwa, daga zabibi wani Bajamushe mai suna Andreas Marggraf ya fara tace shi a 1747. Sunan gulukos sai a 1838 aka raɗa shi a Faransa, daga wata kalmar Girkanci mai nufin ruwan inabi mai zaƙi. Kafin duk wannan, da fitsari ake gane ciwon. Likitocin Indiya na dā sun lura tururuwa na taruwa a fitsarin mai shi, suka sa masa suna fitsarin zuma.

Aminu: Tururuwan ba su yi ƙarya ba. Ƙoda tana tace gulukos ta mayar da shi jini, amma idan ya wuce kimanin 180 mg/dL sai ya fi ƙarfinta ya malala cikin fitsari, ya ja ruwa ya tafi da shi. Yawan fitsari da ƙishirwar da ba ta ƙarewa daga nan suke.

Auwal: Alhamdu lillahi da aka ƙirƙiro na'ura. Na ji an ce likitocin dā har ɗanɗanawa suke yi.

Dakta Bashir: Sun yi kuwa. Thomas Willis na Ingila ya rubuta zancen zaƙinsa a ƙarni na 17. Mu dai Allah ya hutar da mu.

Malama Hadiza: Tunda an zo nan, ga wata. A rubutuna na ce saifa ce take samar da insulin, don haka na sha gani ana rubutawa.

Dakta Bashir: Malama, wannan ki gyara da sauri. Saifa tana gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta tace jini da taimakon garkuwar jiki, ba ruwanta da insulin. Mai yin insulin wata gaɓa ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, fankiriyas. Ba matsarmama ba ce kuma, na ga masu rubuta hakan. Ni nakan ce fankiriyas in ƙara da inda take, mutum ya dafa cikinsa ya gane.

Malama Hadiza: Na gode Dakta. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Aminu: Ni kuwa abin da ya fi tayar mini da hankali a rubuce-rubucen nan ba kalma ba ce ma, lamba ce da ake sakinta ba ma'auni. Na'urori iri biyu ne ke yawo a hannun mutane. Wasu mg/dL suke nunawa, irin na Amurka, wasu mmol/L, irin na Ingila. Tsakaninsu ninki 18 ne. Wani mutum ya taɓa shigo mana a firgice, ɗansa ya aiko masa sabuwar na'ura daga waje, ya auna ya ga 7.2, shi da ya saba ganin ɗari da wani abu. Ya ce shi ke nan jininsa ya ƙare. Na ɗauki biro na buga masa a bayan takarda, 7.2 sau 18, ya ba da kusan 130. Ya yi ajiyar zuciya har da dariya. To wannan da sauƙi. Ku ɗauka 11 ya gani, ya ce ai an ce ƙasa da 70 a sha zaƙi, ya dama ya sha, alhali 11 ɗin nan 198 ce.

Saboda haka Malama, duk lambar da za ki rubuta ki manna mata ma'auninta, ki kuma faɗi ko kafin cin abinci ne ko bayansa. Wanda ya kwana aƙalla awa 8 bai ci ba, 126 mg/dL ko sama, wato 7.0 mmol/L, shi ne iyakar da ake cewa ciwon suga, kuma galibi sai an maimaita gwajin kafin a yanke hukunci. Bayan awa biyu da shan ruwan gwajin nan, iyakar 200 ce, wato 11.1. Akwai kuma wani gwajin jini mai suna HbA1c, shi da kaso cikin ɗari ake ba da shi, iyakarsa 6.5, kuma labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce yake bayarwa, saboda gulukos yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini su kuma sukan rayu kusan kwana 120. Mai sikila ya sanar da likitansa kafin a yi masa wannan, don ƙwayoyinsa ba sa kaiwa haka, sakamakon na iya yaudara.

Malama Hadiza: Duk na kwashe. Saura rubutun kalmar. Na ga glukos, na ga gulukus, na ga gulkos.

Malam Ilyasu: Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere irin g da l, sai ta cusa wasali a tsakani. Haka muka yi wa gilashi da kulob da fulawa. Don haka glukos dai rabin tafiya ce, ba Turanci ba Hausa. Ni gulukos nake rubutawa. Mai cewa gulukus ban ce ya yi laifi ba, kunne ne ya bambanta, amma ki zaɓi ɗaya ki zauna a kai, kada a sakin layi ɗaya a ga iri uku. Kuma namiji ne kamar sukari: ya hau, ya sauka.

Baba Tanko: Ni fa har yanzu ciwon sukari zan ce. Ba wanda zai sa ni cewa ciwon gulukos.

Dakta Bashir: Ranka ya daɗe, wannan ko ni ba zan faɗa ba. Sunan ciwo ya riga ya zauna.

Malama Hadiza: To ga yadda na sake jimlar, ku duba mini: "Idan sukarin jini ya daɗe a sama yakan lalata ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda. Wannan sukarin shi ne ake kira gulukos a takardar gwaji. Jiki yana samunsa daga abinci mai sitaci kamar yadda yake samu daga kayan zaƙi, hanta ma tana sakinsa, kuma shi ne dai garin gulukos da ake damawa a sha."

Maman Walida: Da ma wannan na karanta shekara shida da suka wuce.

Baba Tanko: Ta yi tsawo, amma ba komai. Sai dai ki ce "ya daɗe yana hawa", a sama ɗin nan kamar tsuntsu.

Malam Ilyasu: Baba, "yana hawa" ai yana nufin bai tsaya ba. Ta ce "ya daɗe da yawa fiye da kima".

Auwal: Af, tunda ana zancen lambobi, Malam Aminu. Na'urar kakata tun jiya da dare ba ta nuna lamba ko ɗaya, HI kawai take rubutawa. Na ɗauka batir ne ya yi sanyi, har ina tsokanarta wai na'urarta ta fara gaishe ta da Turanci.

Sista Rabi: Auwal, bar wasan nan. HI ba gaisuwa ba ce, yana nufin sukarin ya wuce abin da na'urar za ta iya ƙirgawa, sama da 500 ko 600 mg/dL gwargwadon irinta. Yaya jikinta yake yanzu?

Auwal: Tana ta shan ruwa tana zagawa, kuma tun safe barci take ta yi. Mun ɗauka gajiya ce.

Dakta Bashir: Kada ku tsaya sake aunawa. Ku kai ta asibiti mafi kusa yanzu, sashen gaggawa. Ku tafi da na'urar da duk magungunan da take sha, ku gaya musu tun jiya take nuna haka. Kada a ba ta komai mai zaƙi a hanya.

Auwal: To Dakta. Bari in kira yayana ya kawo mota.

Baba Tanko: Allah ya ba ta lafiya. Auwalu, ka sanar da mu in kun isa.